Kujerar Inna Tabawa

Safara'u, akwai labarin da na ajiye miki. Wani tsohon kafinta ne ya ba ni shi a barandar asibiti, ranar da kike barci ina jiran ki farka. Na ce bari ki warware tukuna, don na san ki da son gardama, ba kya barin labari ya wuce ba ki kama ɓangare ba. Allah bai nufa ba. Ga shi yadda na ji shi.

A Ƙauran Namoda an yi wata tsohuwa, Inna Tabawa. Mijinta, marigayi Malam Ɗanjuma, ya koyi aikin kafinta wajen ma'aikatan jirgin ƙasa a shekarun samun 'yancin kai, lokacin da ake yayin kayan ɗaki marasa nauyi, marasa ado. Da ya auro ta sai ya ƙera mata kujera da katakon maɗaci: ƙafafu sirara da suka ɗan buɗe kamar na barewa a bakin ruwa, baya a kishingiɗe kaɗan, hannuwa biyu masu santsi, mazauni saƙar igiya. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinta. A kanta ta shayar da 'ya'yanta uku, Shu'aibu da Barira da Lurwanu, a kanta kuma take jan carbi bayan rasuwarsa.

Shekarar da ta tafi Makka, 'ya'yan suka haɗa kai don su faranta mata. Suka yi wa ɗakin fenti, suka kwashe tsofaffin kaya suka ba dillali, suka shigo da manyan kujerun zamani masu laushi, masu ruwan gwal a goshi. Da ta dawo ta tsaya bakin ƙofa ta duba, ta ce Allah ya yi albarka. Ba ta ƙara komai ba.

Amma gwiwoyinta sun tsufa. In ta zauna a sabuwar kujera sai ta nutse, sai mutum biyu sun ciccibo ta. Macen da ba ta taɓa cewa a miƙo mata buta ba, abin ya yi mata nauyi, ta daina zama, ta koma gado. Tari ya kama ta. Likita ya ce kwanciyar ce ke tara mata ruwa a ƙirji, in ba ta riƙa zama tana tashi ba, da wuya ta ga damina. Aka kawo kujerar roba, ta zame da ita. Aka jera mata matasai, ta juya ta fuskanci bango.

Barira ta baro gidanta da 'ya'yanta a Gusau ta zo jinya. Wata rana tana ba ta koko, ta lura duk sa'ad da tsohuwar ta yunƙura za ta tashi, hannuwanta biyu sai su tafi gefe suna lalube a iska, daidai tsayi ɗaya, su rasa abin kamawa su faɗo. Ta ajiye ludayin.

"Inna, kujerar Baba kike nema?"

"Wa ya ce miki? Yara sun yi ɗawainiya. Kada in ji kin ɓata musu."

Barira ta tara 'yan'uwanta a zaure ta faɗa musu. Shu'aibu ya ce tsufa ne kawai. Lurwanu, wanda ya gaji sana'ar uban amma ya koma buga manyan kujerun soso, ya ce ai katako katako ne; ya ƙera wata daga abin da ya tuna, Inna ta zauna sau ɗaya bayanta ya ƙage. Barira ba ta sake su ba, safe da yamma maganar ke nan, har suka gaji suka yarda a nemo tsohuwar kujerar. Ba don ita ba, da Tabawa ta mutu da kawaicinta ba wanda ya san abin da ya kashe ta.

Shu'aibu ɗan acaɓa ne. Ya bar aiki ya bi sawu: dillali ya tura shi wajen mai shayi, mai shayi ya ce ya ba surukinsa, surukin ya ce tana Talatar Mafara. Can ya same ta a rumfar wani mai aski, an shafe ta da shuɗin fenti, ƙafar baya ɗaure da waya. Mai askin ya ce ba ya sayarwa, bai taɓa samun kujerar da ke miƙo masa haɓar mutum daidai aska kamar wannan ba. Ko wani ɗan Abuja mai tara irin waɗannan kaya, da ya ce yayinsu ya dawo, hannu wofi ya koma. Shu'aibu ya ce zai ba shi kujerun gwal ɗin gaba ɗaya.

"In kai su ina, Malam? Aski nake yi ko kwanan gida?"

Sai da Shu'aibu ya miƙa masa makullin babur ɗin da yake ciyar da iyalinsa da shi, sannan ya ɗoro kujerar a motar haya. Ba don shi ba, da ba ta dawo ba.

Amma ba ta zaunuwa. Ƙafar ta tsage har ciki, igiyar ta ruɓe. Lurwanu ya kankare fentin da fasasshiyar kwalba har jan maɗacin ya fito. Ya nemi busasshen katako irinsa a kasuwa bai samu ba, duk ɗanye ne, zai murɗe. Sai ya dubi bencin aikin mahaifinsa na busasshen maɗaci, abu ɗaya da ya gada, ya sa zarto. Ya ɓata ƙafa bayan ƙafa kafin hannunsa ya tuno yadda ake shigar da katako cikin katako ba ƙusa. Bencin ya ƙare, ƙafar ta zauna, ya sake saƙa mazaunin da sabuwar igiya. Ba don shi ba, tarkace kawai Shu'aibu ya sayo da babur ɗinsa.

Da hantsi Barira ta shigo da kujerar ta ajiye gefen taga. Inna ta daɗe tana kallo. Aka zaunar da ita, tafin hannunta ya sauka inda ya saba, inda shekaru suka yi wa katakon kwarmi. Can ta dafa, ta miƙe da kanta, ta ce a kauce mata za ta yi alwala.

Ta ga damina, ta ga wata bayanta. Da wa'adinta ya yi ta rasu ba ta ce ga mai kujera ba. Malamai suka raba gado lafiya, sai kujerar. Suka ce a sayar a raba, su ukun suka ƙi. Har yau tana ɗakin a rufe, kowa na kunyar ya fara miƙa hannu, Barira ce kawai ke shiga ta share mata ƙura.

Ban ba kowa labarin nan ba tukuna, Safara'u, ke na fara ba. Tunda ba za ki amsa ba, bari in tambayi masu rai: tsakanin wadda ta gano ciwon, da wanda ya dawo da kujerar, da wanda ya tsayar da ita da ƙafafunta, wa ya kamata ya ɗauke ta zuwa gidansa?