Kurege Mai Karanta Allon Gidan Zoo

Ku gyara zama, ga wata nan ta iso.

Wani Kurege ne yunwa ta koro daga dawa, haƙarƙarinsa duk a waje. Ya bi wani rami a gindin katanga, sai ga shi tsulum a gidan zoo. Nan ya ga abin takaici: ƙattin dabbobi a zaune, ba noma ba farauta, ana kawo musu abinci har baki. Gaban kowane keji akwai allo da rubutu, amma cikinsu babu wanda ya san ko harafi ɗaya.

Gogan naku ya tsinci wani karyayyen tabarau, ya maƙala a hanci, ya nufi Jimina.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ni ne Malam Kurege, wanda ya yi karatu har takarda ta ƙare! Kin san abin da aka rubuta a allonki?"

"Wallahi, Malam, shekara bakwai ina kallonsa ban sani ba."

"An ce daga yau tsakuwa ce abincinki. Dawar da ke kwanonki kuma a ba mai karatu."

Dama Jimina takan haɗiyi tsakuwa don ta niƙa mata abinci a ciki. Sai ta ce, "Ashe sun gano ni!" Ta tura masa kwanon, ya ci har da gyatsa.

Da gari ya waye, ya je wajen Raƙumin Dawa. "Dogo, zaro harshenka mu gani." Ya zaro, kusan kamu guda, baƙi-baƙi kamar yadda Allah ya yi shi.

"Innalillahi! Abin da allo ya faɗa ke nan. Karas ne ya ɓata maka shi. Miƙo karas ɗin nan in raba ka da ciwo."

Dogo ya miƙa, har da godiya.

Da gari ya waye, cikin Kurege ya yi tulu, idonsa kuma bai ƙoshi ba. Ya tsaya gaban Giwa.

"Inna, allonki ya ce ƙiba ta yi miki yawa. In ƙarya nake, yi tsalle."

Giwa ta yunƙura, ta sake yunƙurawa, ƙafa ta ƙi barin ƙasa. Baiwar Allah ta sa kuka, ta haƙura da rake da ayaba. Kwana uku tana hamma, Kurege yana kan tsibin rakenta yana waƙa: "Ni ne ƙaramin da ya sa babba azumi!"

Da gari ya waye ranar Asabar ce, gidan ya cika da iyalai. Cikinsu akwai Malam Haladu direban tifa da matarsa Talatuwa da 'yarsu Kubura, 'yar aji uku. Tun da Kubura ta iya haɗa baƙi, ko rubutun bayan mota ba ta ƙyalewa. Suna zuwa gaban Giwa uban ya ɗaga ta a kafaɗa, bakinsa har kunne.

"Karanta mana, Mamana. Da ƙarfi, kowa ya ji!"

Kubura ta buɗe murya: "Gi-wa ta-na cin abin-ci fiye da kilo ɗari a rana. Tana son rake. Duk giwayen duniya ba sa iya tsalle."

Talatuwa ta ce, "Ikon Allah! To wannan me ya ramar da ita haka?"

Giwa ta juyo a hankali. Rake ya maƙale wa Kurege a wuya.

"Inna, kada ki saurare ta! Dube ta, ko tabarau babu. Wa ya taɓa karatu ba tabarau?"

Giwa ta matso kusa da shi. Ta naɗe shi da hanci ta wutsiya, ta wulwula shi sau uku, ta saki. Kurege ya wuce ta saman Dogo, ya tsallake katanga, ya faɗa tim cikin ƙaya. Kubura ta yi ta tafi, ta ɗauka wasa ne aka shirya wa baƙi.

Ya miƙe da ƙulu a goshi, yana ɗingishi yana zare ƙaya, ya waiwaya ya ɗaga murya:

"Ku gaya wa Hajiya Jimina, ita da fukafukanta ba ta taɓa tashi sama ba. Ni yau na tashi!"

Ƙurunƙus, kan Kurege mai ƙulu.