Gizo da Man Kashe Zafi

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso, masu kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Gizo dai kun san shi, kwaɗayi kamar ya kashe shi, ga tsoro. Ya hango zuma a kogon kuka, yawu na zuba, amma yana tsoron harbi. Sai ya tafi wurin Bushiya mai magani. Ta lakato masa wani mai, ɗan kaɗan a ɓawon gyaɗa, ta ce duk inda ya shafa, wurin zai mutu murus har yamma.

Man ba zai ishi jiki ba, Gizo kuwa girman kai ya hana shi tambayar matarsa Ƙoƙi. Ya tari Kura, ya tambaye ta ƙofar da labarin zafi ke shiga jiki. Kura ta ce hanci mana. Ya shafe hanci. Ya tari Zomo, Zomo ya ce kunne. Ya shafe kunnuwa. Ya tari Akuya tana tuƙa, ta ce harshe. Ya lashe sauran man tas.

Ya haye kuka yana fito, ya cusa kai cikin kogo, ya bar ɗuwawu a waje. Ƙudan zuma suka taso da gunji, bai ji ba, kunne ya mutu. Ƙoƙi ta biyo shi da hayaƙin korar zuma tana kira, bai ji kira ba, bai shaƙi hayaƙi ba. Sai da ƙudan zuman suka sauka a ɗuwawun nan. Nan fa Gizo ya gane akwai ƙofar da ba a faɗa masa ba. Suka bi baya, suka bi hammata, har tsakanin yatsu. Ya faɗo tim, rungume da saƙar zuma.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ai fata duk ƙofa ce. Da ka tambaye ni."

Gizo ya ce ko ba komai ya samu zuma. Ya ɗanɗana, ya ji kamar ruwan wanki, harshe ya mutu. Abin tausayi, yana kwance rub da ciki, Ƙoƙi ta zauna a gabansa ta shanye zumar tana ba shi labarin zaƙinta.

To kun ji. Ido, kunne, hanci, harshe da fata masu gadinku ne. Wanda ya kashe su don kwaɗayi zai sha zafi, daɗin ma ya wuce shi.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya ja ɗuwawunsa ya tafi.