Tulun Sarki Jatau

An yi wani sarki a birnin Kwarkiya, sunansa Jatau, mutum mai kyauta da jinƙan talakawa, aibinsa guda: duk abin da ya faɗo masa a rai, gani yake hikima ce tsantsa. Wata rana ya hango mata suna dawowa daga rijiya a gajiye, tausayi ya kama shi, sai ya kira Nomau maginin tukwane, ya umarce shi ya gina sabon tulu: baki mai faɗi don ya cika da wuri, gindi a baje don ya zauna daram, jiki a goge sumul har yana sheƙi. Fadawa suka rantse ba a taɓa yin irinsa ba, alhali babu wanda ya san hanyar rijiya a cikinsu. Aka gina irinsa da yawa, aka raba wa mata kyauta.

Ba a jima ba labari ya iso fada cewa mata sun koma wa tsofaffin tulunansu, na Sarki kuwa kaji ke ƙwai a ciki. Sarki ya fusata, ya kira Waziri Ilu ya ce, "Tsarina ba shi da illa, saboda haka illar daga hannun magini take. Ranar Juma'a zan kori Nomau daga ƙasata, sai fa in ka kawo mini wani mai laifin da hujja."

Abin ya dami Waziri ƙwarai, domin Nomau tsoho ne mai iyali, bai kuma yi komai ba face bin umarni. Da ya koma gida ya rufe ƙofa, ya karɓi gammo wajen matarsa Tasalla, ya cika tulun Sarki ya ɗora a ka. Gindin ya ƙi zama cikin gammo, yana ɗaga ƙafa kuwa ruwa ya yi tsalle ta faffaɗan bakin nan ya wanke masa gemu. Tasalla ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta miƙa masa moɗar ruwa daga wani tulun Sarkin da ya yini a rumfa, ta ce, "Malam, kurɓi wannan ka ji." Ya kurɓa, ɗumi kamar ruwan wanka, don tulun da aka goge ba ya tsatsafowa balle ya sanyaya ruwa. Nan Waziri ya gane mai laifin, ya shiga neman dabara, gama ba a faɗa wa sarki irin wannan magana gaba da gaba.

Ranar Juma'a ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mai yiwuwa mata ba su iya ɗaukarsa ba ne. Ina roƙon waɗanda suka fahimci hikimarsa su nuna musu."

Shawarar ta yi wa Sarki daɗi. Aka tara mata a ƙofar fada, aka ɗora wa Galadima, ya jiƙe sharkaf. Aka ɗora wa Ma'aji, tulu ya zame ya tafi da rawaninsa. Sarki ya ce, "Ragwaye ne ku. Ku kawo nan." Ya ɗauka da kansa, bai kai ko'ina ba ruwa ya kwararo ta wuyan riga har cikin takalmi. Mata suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa don dariya.

Sarki ya tsaya yana ɗiga, ya dubi Waziri ya ce, "Ka samo mai laifin?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na same shi, amma ƙasar nan ba za ta iya rabuwa da shi ba."

Kunya ta kama Sarki, can sai ya fashe da dariya. Ya yafe wa Nomau, ya umarce shi ya riƙa zama bakin rijiya yana tambayar mata kafin ya sake taɓa yumɓu, ya kuma ba Waziri alkyabba da doki. Sannan ya ce wa alƙali, "Ka riƙe wannan: mai mulki ba ya zama adali sai ya ɗora kaya a kansa kafin ya hukunta wanda ya sauke."