Bushiya da Cushen Laimar Kwaɗi

Ga wata nan, ku matso ku karɓa.

A daminar da maigidan Bushiya ya rasu, ta rasa miji, ta rasa rumbu, don danginsa da buhuna suka zo ta'aziyya. Abin da ta samu shi ne kasko mai tsage a baki, da sanin laimar kwaɗi: wadda ake ci a tashi, da wadda ake ci a kwanta ke nan. Marigayin ne ya koya mata. Ta biyun da kansa ya gwada.

Ta fita takaba cikinta kamar an share. Roƙo kuwa ba ta iya ba. "Ni ce Bushiya mai rigar ƙaya," in ji ta, "ban taɓa miƙa hannu ba sai don karɓar abin da na ci a ciniki."

Laimar kwaɗi kam tana da ita har ta gaji. Takan cire ƙafar, ta juya hular, ta cusa dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da zogale da ɗan daddawa, ta gasa a kasko. Yana riƙe ciki, ba laifi. Amma ita nama take so, mai maiƙo.

Da gari ya waye ta tafi gindin suri, ta yi birgima a jar laka har ƙayoyinta suka ɓace, ta kifa babbar laima a ka kamar malafa, ta hura wuta. Ƙamshi ya jawo Kura, wadda kitse ya yi wa katutu, tana tafe tana haki.

"Sannu Inna. Baƙuwa ce?"

"Ni ce Inna Ta-Suri, mai magani daga gabas. Giwa na duba, ta rame ta yi godiya. Ke kuma tun daga nesa na ga ciwonki yana gaba, kina bin sa a baya."

"Wayyo Inna, cikin nan a ɗaure yake. Ko ɗan akuya sai ya tsaya ya jira ni."

"Kitse ne, 'yata. Ungo wannan. Laimar ba kitse a jikinta, ba ta ɗaure ciki. Ƙarfin yana cikin ƙulin da ganyen. Mai kaɗan, gishiri kaɗan, in aka tsula mai an ɓata aikin. Ɗanya kuwa kada ki kuskura. Kullum ki zo ki karɓa da zafinsa."

Kura ta haɗiye, ta lashe baki. "To naman da nake samowa fa?"

"Sadaka. A kai wa wadda mijinta ya mutu, ciwon ya bi naman. Akwai irinta a nan kusa?"

"Akwai wata Bushiya, mai girman kan tsiya."

"Ita ce daidai."

"Ƙafa ɗaya ta isa?"

"Cinya."

"Haba Inna, haƙarƙari dai."

"Cinya da hanta. Kin ga da kika yi magana ya hau."

Kura ta ja jiki ta tafi ɗauko nama. Bushiya ta bi ta wani ɗan rami a ƙarƙashin sarƙaƙiya, ta wanke laka a kududdufi, ta yafa mayafi, ta zauna a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Sai da rana ta take Kura ta iso.

"Sadaka? Ni?" in ji Bushiya. "Yaya Kura, wa ya ce miki ina jin yunwa? Ajiye can dai, kada a ce na kunyata ki."

Da gari ya waye Kura ta zo gindin suri da Zaki, wanda gwiwoyinsa suka daina ɗaukarsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Inna Ta-Suri, ba ta ko tashi ba.

"An ce ciyawa kike ba manya."

"Ranka ya daɗe, tauna ka ji, in bai yi kama da nama a baki ba ka tofar."

Zaki ya tauna. Bai tofar ba. Ya miƙo hannu a ƙara.

"Ciwon sarauta, sadakarsa ta sarauta ce," in ji ta. "Rabin barewa. Kura ta riƙa kai wa Bushiya a madadinka, babba ba ya ɗaukar kaya."

Haka aka yi ta yi. Da safe tana Inna, da rana tana karɓar sadaka tana yatsina. Ta yanyana kilishi ta shanya har kan jinka. "Ni na rubuta, ni na wanke, ni na sha," take cewa, ita da ko alif ba ta sani ba.

Abu ɗaya ne ba ta lissafa ba: maganin na gaskiya ne. Cikin Kura ya saki, haki ya tafi, ƙafa ta yi sauƙi. Zaki ya fara tsallake gungume. Ita kuwa Bushiya, da ta bar cin laima ta koma cin maiƙo, ramin sarƙaƙiya ya fara matse ta.

Da gari ya waye, ranar da abin ya ƙi, Kura ta cinye cushenta, ta saɓi cinya, ta zuba a guje don jin daɗin ƙafa. Bushiya ta maƙale a rami, ta yi ta kokawa, da ƙyar ta fita. Tana cikin wanka a kududdufi sai ga inuwa a kanta. Rabin jikinta jar laka, rabi ƙaya, malafar tana nan a ka.

Kura ta ajiye cinya. Ta duba sama, ta duba ƙasa.

"Inna? Bushiya?"

"Wa kike nema a cikinsu? Kowacce da farashinta."

Kura ta kai mata mari. Bushiya ta dunƙule. Da ƙafa Kura ta yi ta gara ta, kan dutse, kan kututture, har gaban Zaki.

"A cinye ta," in ji Zaki.

"Bismillah," in ji murya daga cikin ƙaya. "Gobe sai ku tsinko laimar da kanku. Akwai mai kama da ita sak a dajin nan, wadda ba a cin ta sau biyu."

Zaki ya dubi gwiwoyinsa. Kura ta shafa cikinta.

"Nuna mana ta kirkin, a bar miki ranki," in ji Zaki.

"Ranka ya daɗe, raina ai nawa ne tun asali. Da kayana za ka biya ni? Cinya duk ranar kasuwa."

"Kura, ƙara gara ta."

Aka gara ta, aka dawo da ita.

"Hanta," in ji ta. "Don kai ne."

Aka sake garawa, wannan karon har cikin kwazazzabo.

"To me za ku iya? Ku faɗi naku, ciniki ake yi."

Zaki ya tura mata ƙashin da ya gama gwaguya. Bushiya ta leƙo da hanci, ta shinshina, ta juya shi, ta ce a canza mata da wancan, wannan ba ɓargo. Aka canza.

Ta kai su, ta nuna musu wadda ake ci da wadda ake bari, ta nuna yadda ake cushen. Tana rufe baki Kura ta ce, "To yanzu me ya rage na amfaninki?" Ta kai cafka. Ta samu ƙaya cike da baki, Bushiya ta samu hanya. Ta bar kilishi, ta bar kasko, ta bar ƙayoyin bayanta, amma ƙashin yana bakinta.

Can bayan rafi, tana ɗingishi, ido ɗaya a kumbure, ta gamu da Kurege yana tonon gyaɗa.

"Subhanallahi! Gwaggo, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Daga ciniki nake."

"Ciniki? Me kika sayar?"

"Lafiyar Zaki da ta Kura, a haɗe."

"A nawa?"

Bushiya ta ajiye ƙashin, ta ɗora ƙafa a kai.

"Ƙashi ɗaya, mai ɓargo. Marar ɓargo suka taya, na ƙi."