Makaɗin da Ya Sassauta Ganga

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse. Gonarsa ba ta fi ta kowa girma ba, ba shi kuma da shanun huɗa, amma in an kira gayya, shi ne na fari da zai iso da garma a kafaɗa. Shekara talatin da ɗoriya wurinsa ɗaya ne a sahu, wato kunyar ƙarshe ta bakin iyaka. Kunyarsa ba ta karkacewa, da ita sauran manoma suke daidaita tasu.

Ana nan sai hannunsa na dama ya soma rawa. Ya ce gajiya ce, daga baya ya ce sanyi ne. Ran da matarsa ta ga kunu yana zuba daga ludayi a kan rigarsa, sai ta ce, "Maigida, wannan ya wuce gajiya. Mu je asibiti."

Likita ya duba shi, ya sa shi ya taka daga ƙofa zuwa taga. Ya ce ciwo ne da yake farawa daga ƙwaƙwalwa, ba ya warkewa sarai, yana kuma ƙaruwa a hankali, amma akwai maganin da yake sassauta shi. Ya ƙara da cewa, "Baba, kada ka zauna wuri ɗaya, ka yi ta motsa jiki." Maganar farko kowa ya riƙe ta har gida. Ta biyun kuwa a ƙofar asibiti aka bar ta.

Mutanen ikilisiyarsu suna ƙaunarsa ƙwarai, wannan ba shakka. Mata suka riƙa kawo abinci, maza suka ɗauke masa aikin gona, matarsa ta rataye garmarsa a ƙarƙashin rumbu inda ba zai gan ta ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. In ya miƙe zai ba awaki dusa, sai a ce, "Zauna, Baba." In ya kama benci a coci zai gyara, sai a ce, "Haba Baba, mu muna nan don me?" Ya zauna kuwa, gama shi mutum ne marar musu.

Kafin shekara ta zagayo jikinsa ya sandare. In ya zo bakin ƙofa sai ƙafafunsa su kafe kamar an dasa su. Muryarsa ta yi ƙasa, fuskarsa ta daina nuna abin da ke zuciyarsa, har masu zuwa gaisuwa suka koma tambayar matarsa a gabansa, "Ya ci abinci? Ya yi barci?" Wata rana ya ture kwanon tuwo, ya ce mata, "Kun riga kun binne ni, ƙasa ce kawai ba ku zuba ba." Ta shiga ɗaki ta yi kuka, domin ba ta san laifin da ta yi ba. Daga ranar abincinsa ya riƙa komawa yadda aka kawo shi.

Da damina ta sauka, ikilisiya ta kira gayya domin gonarsa. Aka kawo shi a kan keke, aka zaunar da shi a gindin ɗorawa don ya ga alherin da ake yi masa. A garin nan ba a gayya sai da ganga, kuma ganga ɗaya ce ga dukan sahu: yadda ta tafi, haka garemani suke sauka. Makaɗin wani tsoho ne, tsaran manomin, tare suka yi kiwo suna yara. Ya saki kiɗa da zafi, samari suka duƙa, ƙasa tana tashi.

Yana cikin kiɗa sai idonsa ya kai gindin ɗorawa. Ya ga abokinsa zaune shiru, fuska ba motsi, amma babban yatsan ƙafarsa yana ɗagawa yana sauka daidai da ganga, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Sai makaɗin ya dafe fatar gangar, gona ta yi tsit. Ya taka har bakin tabarmar.

Ya ce, "Kai tsoho, yaushe aka naɗa ka sarki, da za ka harɗe ƙafa, mutane suna yi maka noma?"

Manomin ya ce da ƙaramar murya, "Ƙafafun sun ƙi ni, abokina."

"Ƙarya suke yi. Yanzu na kama su suna rawa a ɓoye. Tashi."

Matar manomin ta taso da sauri. "Don Allah Baba, ka bar shi, zai faɗi!"

Makaɗin ya ce, "Uwargida, in ya faɗi, a ƙasar gonarsa zai faɗi, mun kuma fi mutum ashirin da za mu ɗaga shi. Amma ki tambaye shi, tun da yana da baki."

Ta dubi mijinta. Rabon da ta tambaye shi abin da yake so har ta manta. Ta ce, "Maigida, kana so?" Ya ce, "Ina so." Sai ta miƙa masa fartanyarta, domin garma ta yi masa nauyi, ta tsaya a gefensa.

Ya miƙe da ƙyar, ƙafafun suka kafe kamar kullum. Makaɗin ya buga ganga sau ɗaya, ya jira. Ya sāke bugawa, ya jira. A bugu na uku ƙafar dama ta ɗaga, ta hagu ta bi ta. Haka ya taka, bugu ɗaya taki ɗaya, har ya isa kunyar ƙarshe ta bakin iyaka.

Wani daga cikin samarin ya ce, "Baba makaɗi, da wannan kiɗa sai rana ta faɗi ba mu gama ba." Makaɗin ya ce, "To, ta faɗi mana. Ganga ɗaya gare ni." Dole dukan sahu ya bi wannan kiɗa. Aikin da za a gama da tsakar rana ya kai la'asar, kunu ya huce a tukunya. Manomin ya yi rabin kunya, ta kuwa karkace, ba wanda ya gyara ta. Da ya gaji, shi da bakinsa ya ce, "Ku ƙarasa mini." Da yamma ya ci tuwo malmala biyu, har ya ce miya ta yi gishiri. Matarsa ba ta taɓa jin daɗin ƙorafi kamar na ranar ba.

Bai warke ba. Da shekara ta zagayo hannun ya kāsa riƙe fartanya, sai ya koma bin masu shuka yana rufe rami da diddige. Makaɗin kuwa yakan zo da safe sau biyu a mako, ya kaɗa masa daga ƙofar gida zuwa rijiya, su dawo suna tsokanar juna.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: manomin nan shi ne ɗan'uwanmu ko 'yar'uwarmu mai ciwon karkarwa, wanda likitoci suke kira cutar Fakinson, da duk wanda jikinsa yake raguwa a hankali. Tabarmar ita ce tausayinmu na gaggawa. Ni kaina na shimfiɗa irinta ga wani dattijo a cocinmu, na karɓe masa karatun ranar Lahadi don takardar tana rawa a hannunsa, ina ganin na kyauta. Gaskiyar ita ce, ni ne ba na son jira. Har yau abin yana damuna.

Abinci da magani da kai mutum asibiti duk wajibi ne, kada kowa ya fita nan ya ce fasto ya hana. Amma gangar ita ce taimakon da ya fi tsada, domin lokacinmu yake ci, kununmu ne yake hucewa. Ubangiji ma haka ya yi da mu. Da a ce da saurinsa yake tafiya, da ba ɗayanmu da zai ga ƙurarsa, amma ya sauko, ya taka daidai da takinmu, yana jira tsakanin bugu da bugu.

Saboda haka a wannan mako, ka je wurin wanda ka zaunar. Kada ka tambayi matarsa, shi za ka tambaya: me kake so ka yi? Sa'an nan ka tsaya a gefensa ya yi, ko da zai karkace. Dawar da ta fito a karkatacciyar kunyar nan, da aka yanke aka kai rumbu, ba wanda ya iya rarrabe ta da saura. Amma manomin ya san da ita a ciki, kuma daga wannan rumbu ya ci har kaka ta zagayo.