Ɓarawon Ruwan Dutsen Zungura

Tun da aka shimfiɗa ƙasa aka ɗaga sama ba a taɓa zaluntar mutum mai asali kamar yadda aka zalunce ni ba, ni Shamaki Tanimu, wanda har gobe ba a haifi mai naɗin rawani irin nawa ba. Ku saurara, ku yi hukunci.

An yi wani sarki a gindin Dutsen Zungura, garinsa na shan ruwan wani marmaro da bai taɓa ƙafewa ba tun zamanin kakanni, sai wata shekara ya ɗauke tun rani bai yi nisa ba. Na miƙe a fada, da fasahar da Allah ya hore mini, na ce shanun Arɗo Jaɓɓe ne suka shanye shi daga bisa. Aka ba Arɗo kwana bakwai ya kwashe rugarsa. Amma sarki ya ce, "Kafin wa'adi ya cika, wanda ya zo mini da hujja a kan ɓarawon ruwan nan, alkyabba tasa ce."

Ran na shida sai ga Jatau, wani tsoho mai haƙar magani, taɓo har gwiwa, riƙe da ƙwarya. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗebo dunƙulen gansakuka ya matse, ruwa ya tsiyaye ta tsakanin yatsunsa.

"Allah ya ba ka nasara, wannan ce randar garinka. A fadamar kan dutse gajerun itatuwa ke yi wa gansakuka inuwa, kajiji da jema na riƙe taɓo da saiwoyinsu, gansakukar kuwa tana shanye ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har ƙarshen rani. Bara wani ya sa aka sare itatuwan, aka yanka lambatu, rana ta gasa abin da ya rage. Saniya ba ta riƙe gatari."

Na ce, "Baba, surutu ka kawo ko hujja?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, har da hujja." Ya zaro ƙyallen shadda mai aikin zare, wanda ya ciro a reshen wani itace da aka sare.

Sarki ya yafa wa Jatau alkyabba, ya nemi afuwar Arɗo a bainar jama'a, sannan ya ce, "Adalci da fadamar nan halinsu ɗaya, ba a sanin abin da suke riƙe wa talaka sai ran da aka sare su. Mai ƙyallen nan zai cike lambatun, ya dasa kowane itace da hannunsa."

Damina uku ke nan ina cikin taɓo, ni da takalmina bai san raɓa ba. To, ƙyallen na rigata ne, wannan gaskiya ne. Wani reshe ne ya yage ta ranar da na hau dutsen shan iska, na kuwa sa aka hukunta fadamar baki ɗaya. Amma da kun ga aikin wuyan rigar nan, da kun yi mini uzuri.