Mahaƙin Rijiyar da Ƙafafunsa Suka Daina Ji

Akwai wani mutum mai suna Dodo a Zangon Abdu, wani ɗan ƙauye tsakanin Gangara da Tarka, a ƙasar Damargu. Sana'arsa haƙar rijiya. Wanda ya san Damargu ya san ruwa a can ba kusa yake ba, sai a yi gaba talatin ana bin ƙasa ba a ga laima ba.

Dodo ba ya shiga rami sai ƙafa tsirara. Yana sauka ne yana laluben matakan da ya sassara a jikin bango da yatsun ƙafa. A sama kuma akwai Rissa, wani Ba'abzine, abokin aikinsa na shekara ashirin. Shi ke riƙe igiya, raƙuminsa kuma ke jawo gugan ƙasa. In sun tashi aiki su zauna su dafa shayi, Dodo ya fasa dunƙulen sukari ya zuba har shayin ya yi kauri.

Wajen shekarar 1982, yana da shekara arba'in da takwas, ƙafafunsa suka fara ba shi mamaki. Da farko mijirya ce, irin wadda ke kama mutum in ya daɗe a zaune, sai dai tasa ba ta sakinsa. Daga nan tafin ƙafar ya riƙa yi masa zafi kamar ya taka toka mai wuta. Wani lokaci ya ji kamar cinnaku na yawo a yatsunsa, ya duba bai ga komai ba. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari.

Bayan shekara guda zafin ya ragu, har Dodo ya yi murna. Ashe ba sauƙi ba ne, jin ne ke tafiya.

Matarsa Yagana ce ta fara ganewa. Wata rana ya dawo daga daji ƙafafunsa cike da ƙarangiya, har da ƙayar aduwa guda ta nutse a dunduniya, shi kuwa yana ta hirarsa. Ta zauna ta cire masa ita, bai ko motsa ba.

Ta ce, "Maigida, ba ka ji ba?"

Ya ce ya ji, jarumta ce kawai. Ta ce ta san jarumtarsa, wannan ba ita ba ce, ya kamata ya je gidan likita a Tanut a duba shi. Ya haɗe rai, ya ce in maganar nan ta fita daga ɗakin nan, to ta san ita ta fitar da ita.

Abin da bai gaya mata ba shi ne tsoro yake ji. Tun yana yaro ya ji ana cewa haka kuturta ke farawa, kuma ya ga yadda ake ware mai ita. Sai ya zaɓi ya yi shiru.

A 1984 damina ta ƙi. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, dabbobi suka fara faɗuwa, rijiyar garin guda ɗaya ta koma ba da laka. Gidaje suka fara ɗaure kaya suna yin kudu. Maigari ya roƙi Dodo da Rissa su ƙara wa rijiyar zurfi, in ba haka ba garin zai watse.

Sun yi mako biyu suna aiki sai suka tarar da dutse. A nan ne wani tsinin dutse ya tsaga masa ƙafar hagu, daga ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Bai sani ba. Sai da ya fito Rissa ya ga sawun jini a kan rairayi, ya bi shi da ido har ƙafar Dodo.

Dodo ya yaga tsumma ya ɗaure, ya ce ƙwarzane ne. Washegari ya sake shiga. Haka ya yi kwana biyar.

Ran na shida ya iso bakin rijiya jikinsa na rawar zazzaɓi, ƙafar ta kumbura, yatsu biyu sun yi baƙi. Ya tarar Rissa ya naɗe igiyar ya zauna a kanta.

Dodo ya ce ya tashi rana na yi. Rissa ya ce ba inda zai tashi. Dodo ya yi faɗa, ya ce mutane na mutuwa da ƙishirwa shi yana nan yana taurin kai, ya ce ko shi kaɗai zai sauka.

Rissa ya ce, "Shekara ashirin ina saukar da kai, kullum kuma ina fito da kai da rai. Ba yau zan fara jawo gawa ba. Ka hau raƙumi, ko in ɗaure ka in ɗora."

Da ƙyar, da kukan Yagana, ya hau. Suka kai bakin hanya, wata babbar mota ta kai su Tanut.

A gidan likita suka sami Amos, babban ma'aikacin jinya, wanda kowa ke kira Majo. Ya wanke ciwon, ya sa Dodo ya tuɓe riga ya duba bayansa da hannuwansa ko akwai wani farin tabo. Ya sa ya rufe ido, ya riƙa taɓa ƙafar da auduga, sannan da tsinin allura. Har idon sawu Dodo bai ji komai ba.

Daga nan ya karɓi fitsarinsa, ya zuba a 'yar kwalba da wani ruwan magani shuɗi, ya ɗora a kan wuta. Suna kallo ruwan ya koma ja kamar ƙasar gini.

Amos ya ce ba kuturta ba ce, ciwon sukari ne, kuma shi ya cinye jijiyoyin ƙafar a hankali. Ya ƙara da cewa ko da kuturtar ce tana da magani, ɓoyon ne ya fi cutar ɓarna. Dodo ya sunkuyar da kai don kunya.

Aka tura shi Damagaram, aka cire yatsun nan biyu. Ya yi mako bakwai kafin ciwon ya rufe. Da ya biyo ta Tanut a hanyar gida, tambayarsa ta farko ga Amos ita ce yaushe jin zai dawo.

Amos ya ce, "Malam Dodo, ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da ya tafi da wuya ya dawo. Wanda ya rage shi za mu tsare. In da ni ne kai, da na bar shiga rijiya."

Dodo ya ce, "Majo, yatsu biyu aka cire mini, ba hannu ba. Na bar rami a buɗe a garinmu. Ka gaya mini yadda zan shiga in fito, kada ka gaya mini in zauna."

Amos ya dube shi ya ga ba mai lanƙwasuwa ba ne. Sai ya jawo kujera ya yi masa bayani dalla-dalla. Kada ya ƙara taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gidansa. Kafin ya sa takalmin ya zazzage shi, ya zura hannu ya laluba. Safe da yamma a duba ƙafar, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, tunda yanzu ido ne zai yi aikin da jijiya ta bari. Ruwan wanka ya gwada shi da hannu tukuna. Kada ya miƙa ƙafa kusa da wuta, kada wanzami ya yi masa tsaga ko ƙaho a wurin, kada ya bar ƙafar a jiƙe. Ya riƙa shafa man gyaɗa a dunduniya don kada ta tsage. Ga ƙwayoyi kullum, kuma duk wata ya dawo.

Da aka zo kan sukarin shayi ne kawai Dodo ya yi gardama. Amos ya ce ya zaɓa, ko sukari ko ƙafa.

Kafin su bar Tanut ya sa wani baduku ya ɗinka masa rufaffen takalmi mai faɗi, ƙasansa taya, cikinsa fatar tunkiya mai laushi.

A gida ya tarar labari ya riga shi isowa. Manzo, ƙanen maigari, ya baza cewa kuturta ce ta ci yatsun Dodo, likita na rufa masa asiri ne kawai. Manzo ya daɗe yana son a tashi a koma kudu, kuma yanzu ya sami hujja. Ya ce ko ruwan ya fito, wa zai sha ruwan da kuturu ya tsaya a ciki.

Dodo ya ga abin da idonsa. Ya miƙa hannu a masallaci, mutum biyu suka noƙe. Matan da ke zuwa daka wurin Yagana suka daina zuwa. A makonnin da ba ya nan gida tara sun tashi, saura kuma sai sun yi tafiyar rabin yini da jakuna kafin su samo ruwa.

Yagana ta ce su ma su tafi, ba za ta iya ganin ana gudun mijinta ba. Ya ce ɓoyo ya yi shekara biyu ya ga abin da ya jawo masa, gudu kuma ba zai fara ba.

Ran Juma'a bayan la'asar, maza na zaune a gindin gawo a ƙofar maigari, Dodo ya zo ya zauna a tsakiyarsu. Ya kwance takalmi, ya ɗora ƙafar hagu a kan buzu inda kowa zai gani. Ya ba su labari tun daga mijiryar farko har ruwan da ya koma ja a kwalbar Majo. Bai rage komai ba, har tsoron da ya ji da tsawar da ya yi wa matarsa.

Manzo ya ce ai kowa zai iya tsara magana.

Dodo ya ce, "Gaskiyarka, Manzo. Tanut ba nisa, ka je ka tambaya. Ni tambayata ga sauran jama'a ce. A cikinku wa ke jin tafin ƙafarsa na ci da wuta, ko yana taka ƙasa kamar a kan auduga, yana ɓoyewa kamar yadda na ɓoye?"

Can sai Hamidu mai awon hatsi, dattijon da ba ya yawan magana, ya gyara murya ya ce shi wata takwas ke nan takalminsa kan zame daga ƙafarsa bai sani ba, sai ya waiga ya hango shi a baya. Wani ma ya ce mahaifiyar 'ya'yansa na kukan irin wannan.

Maigari ya ja carbinsa, sannan ya ce a ba Dodo igiya.

Rissa ya kafa nasa sharaɗin. Ba sauran sauka ta matakai, tunda yatsun da ke lalube sun daina ji. Ya ɗaura wani guntun katako a bakin igiya, Dodo ya zauna a kai raƙumi ya saukar da shi. Kuma duk fitowa, kafin ya sha ko ruwa, sai ya cire takalmi Rissa ya duba ƙafar yatsa bayan yatsa.

Mutane suka riƙa zuwa kallo. Wasu na dariyar mahaƙin rijiya da takalmi a kan lilo. Aikin ya fi da wuya, don tsayuwa a kan ƙafar da ba ta ji sai da dogara da bango, kuma ƙarfinsa bai gama dawowa ba. Sau ɗaya Rissa ya ga ja a gefen dunduniya, ya hana shi shiga kwana uku. Dodo ya yi ta huci, amma ya zauna.

Manzo bai jira ba. A mako na biyu ya ɗaure kayansa ya tafi da iyalinsa da gida biyu da suka bi shi.

Ran kwana na goma sha tara da komawarsa rijiyar, da hantsi, dutsen ya fashe a ƙarƙashin dagi. Ƙasan ramin da duhu, Dodo ya ci gaba da sara bai lura da komai ba. Sai da ya sunkuya zai cika guga hannunsa ya nutse har wuyan hannu. Ashe ya jima tsaye cikin ruwa.

Ya ɗebo da tafin hannu ya kurɓa. Ruwa ne mai sanyi, ba gishiri. Ya jingina da bango ya yi hamdala, hawaye na zubo masa.

Ya cika gugan da ruwan ya girgiza igiya. Da gugan ya isa sama ya ji guɗa ta ɓarke, aka leƙo ana ce masa ya ƙara ko kamu ɗaya tunda idon ruwa ya buɗe.

Ya ɗaga kai ya ce, "Rissa, jawo ni. Ƙafata ta jiƙe. Ruwan ba inda zai je, gobe ma rana ce."

Jin ƙafarsa bai dawo ba har ƙarshen rayuwarsa, amma bai ƙara rasa ko yatsa ɗaya ba. Ya haƙa rijiya huɗu bayan wannan, sannan da kansa ya ce ya isa. Hamidu da matar nan da mijinta ya yi magana a gindin gawo sun je Tanut a watan da ya biyo baya, kuma su ba a yanke musu komai ba. Da damina ta kyautata, Manzo ya dawo. Kwana biyu ya yi yana kewaye gidan Dodo, ran na uku ya yi sallama ya miƙa hannu, Dodo ya karɓa ya matsa masa wuri a kan tabarma.

Darasi: Ciwon da ba ya zafi ba ƙaramin ciwo ba ne. In ƙafarka ta fara mutuwa, ko zafi, ko tsikari, kada kunya ko girman kai su sa ka ɓoye, je ka a auna ka tun da wuri, ka kuma riƙa duba ƙafarka kullum. Jarumta ita ce ka faɗi gaskiyar lalurarka, ka bi ƙa'idarta, ka ƙi yarda ita ko bakin mutane su zaunar da kai. Ku tura wa iyayenku da yayyenku wannan labari, wataƙila akwai mai ɓoye irin wannan a cikin gidanku.